Ƙafafun Kaka Aukje

A Harlingen, inda teku ke lasar bakin gari,
kowa da kekensa, yaro da tsoho.
Ni ma ina da nawa, baƙi, mai kwando a gaba,
sai dai duk ramin da taya ta faɗa
cinyata ce ke biyan kuɗinsa.

Ina 'yar sha uku abin ya soma.
Sama ta tsaya yarinya, ƙasa ta yi gaba abinta,
kamar an ɗinke mutum biyu a ƙugu ɗaya.
Riga ƙarama, wando na manya.
Mai kanti ta dube ni sau biyu, ta haɗiye maganarta.

Likitan farko bai ko taɓa ni ba.
Ya dubi sikeli, ya dubi agogo:
"Tjitske, rage cuku, rage dankali, ƙara tafiya."
Na rage. Na rage har ƙashin wuya ya fito,
zobe ya sulale daga yatsa,
ana ƙirga haƙarƙarina,
ƙafafun nan ko gezau.
Shekara sha tara ina tuhumar cokali
da laifin da bai aikata ba.

Wa zan gaya wa kyanwa ta hau cinyata na yi ƙara?
Wa zai yarda gefen tebur ya ɗan shafe ni
na wayi gari da tabo shuɗi kamar an doke ni?
Ƙarƙashin fata wasu 'yan ƙulle-ƙulle
kamar wake a cikin safa.
Da yamma in rufe tagar tikitin jirgin ruwa
in ja buhu biyu na jiƙaƙƙen yashi zuwa gida.

Sai wata Talata a Leeuwarden,
likita mai furfura, Dokta Wiersma,
ta durƙusa a gabana, abin da wani bai taɓa yi ba,
ta kama idon sawuna, ta nuna inda kumburin ya tsaya cak
kamar bakin wando mai roba,
tafin ƙafa siriri, ba ruwansa.
Ta ce, "Lipodima sunansa. Kitse ne mai ciwo,
ba ya jin yunwa, ba ya jin gudu.
Mata yake bi, sau da yawa ta jini.
Ba ke kika jawo ba."
Na je tasha na zauna,
jirgi biyu suka wuce ni ina kuka,
kukan wanda aka wanke bayan ya gama zaman kaso.

A gida na ciro hoton Kaka Aukje
tsaye kan ganuwar tare teku, siket har ƙasa,
ranar da kowa ya tuɓe don zafi.
Iska ta ɗaga bakin siket ɗin kaɗan:
ga idon sawun nan, nawa sak.
An ce son man shanu ne ya yi mata yawa.
Da wannan ƙazafi aka binne ta.

Ba a ce zan warke ba.
An ba ni safa mai matsi, daga sawu har ƙugu,
kowace asuba muna kokawa minti ashirin,
da gumi, wata rana har da ashar.
Akwai tiyata, kuɗinta na gwangwanin biskit,
bai kai rabi ba.
Ranar Laraba ina shiga ruwa in yi iyo.
Ruwa kaɗai ke karɓar mini kayan nan
bai tambayi me na ci ba.

Jiya na ga Jildou, 'yata, shekara sha biyu,
gaban madubi tana auna cinyarta da tafi biyu.
Ban ce ta rage komai ba.
Na zauna bakin gado, na naɗe wandona har gwiwa,
na ajiye hoton Kaka a tsakaninmu,
na ce, "Zo ki gani. Watakila ya biyo ki, watakila a'a.
In ya zo, mun san sunansa.
Yanzu tashi, dankalinki na hucewa."